Filin Tambayoyinku: Kan Nono Ya Shige Ciki, A Yi Tiyata Ko A Bari?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana ɗaya, wato kan nonon da ya shige ciki da tiyatar da ake yi don a fito da shi. Na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Ina amsawa ne a matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, wadda ta yi aiki a ɗakin haihuwa da ɗakin masu tiyata. Abin da sai an gani da ido, zan ce a je asibiti.

TAMBAYA: Anti, ni budurwa ce, shekarata 23, an sa bikina nan da wata huɗu. Tun da na fara ƙirgar dangi kan nonuwana duka biyun a ciki suke, ba su taɓa tsayawa kamar na sauran mata ba. Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Na ga wani asibiti a Instagram suna cewa cikin minti 30 za su gyara shi. Mai gyaran amarya kuma ta ce in bar mata, da hulba da man shafawa za ta fito da shi. Wanne zan bi? Ina tsoron ranar da mijina zai gani. (Daga Kano)

AMSA: 'Yata, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin. Ki fara kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta halitta ce, ba ciwo ba ne, kuma ba wani abu kika yi ya jawo shi ba. Ba matsattsiyar rigar nono ba ce, ba kwanciyar rub da ciki ba ce. Wani bincike da aka yi a Koriya ta Kudu, aka buga a 1999, a kan 'yan mata 1,625, ya samu kusan uku a cikin kowace ɗari da haka aka haife su, kuma mafi yawansu duka ɓangarorin biyu ne, irin naki. Mu da ke duba mata a wajen awo, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɓoyon da kowacce take yi shi ya sa take zaton ita kaɗai ce.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ruwan nono yana bi ta wasu siraran hanyoyi ne har zuwa kan nono, inda suke buɗewa ta 'yan ƙofofi, galibi tara ko kusa da haka. A jikin wasu matan hanyoyin nan gajeru ne, ga kuma wasu zaruruwan nama masu tauri da suka riƙe kan ta ƙasa. Da nono ya tasa lokacin balaga sai ya yi gaba ya bar kan a baya, kamar maɓallin kujerar kushin da aka ɗaure da zare ta ciki. To kin ga abin da ya riƙe shi yana can ƙarƙashin fata. Man shafawa ba ya kaiwa nan, hulba kuma ko buhu guda kika sha ba za ta tsawaita hanyar nono ba. Ki bar wa mai gyaran amarya dilka da halawa da lalle, nan ne fagenta. Kada ki yarda a kafa miki ƙaho, kada kuma a ɗaure kan da zare ko roba wai don ya saba da waje. Ɗauri yana tsayar da jini, naman ya yi baƙi ya mutu, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ba duka ne suka zama ɗaya ba. Likitocin tiyata suna bin rabe-raben da wasu likitoci biyu 'yan Koriya, Han da Hong, suka fitar a 1999, mataki uku. Za ki iya gwadawa da kanki: bayan wanka ki tsaya gaban madubi, ki sa babban yatsa da manuniya a gefen baƙin da ya zagaye kan nonon, ki matsa a hankali. Idan ya fito ba wahala ya ɗan jima a waje, ko kuma yana fitowa da kansa in an ji sanyi ko an taɓa shi, mataki na ɗaya ke nan. Idan sai kin ja shi yake fitowa, kina saki ya koma, na biyu ne. Na uku kuwa shi ne wanda ko an ja ba ya fitowa, kuma masu shi sukan yi fama da datti da ke taruwa a ramin, da wari, da kumburi lokaci zuwa lokaci.

Masu tallan ba su yi ƙarya ba a maganar lokaci. Aiki ne na minti 30 zuwa awa ɗaya, allurar kashe zafi ake yi a wurin kawai, ba a sa mutum barci, kuma a ranar ake sallama. Abin da tallan bai faɗa miki ba shi ne aikin iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba.

A na farko, likita yana ɗan tsaga gindin kan nonon, ya bi a hankali ya saki zaruruwan da suka riƙe shi, ya bar hanyoyin ruwan nono yadda suke, sannan ya yi ɗinki ta ƙasa don kan ya samu abin zama a kai. Wannan yana barin damar shayarwa, amma tunda gajerun hanyoyin suna nan suna ja, kan ya fi saurin komawa ciki bayan watanni. A na biyu, hanyoyin ake yankewa gaba ɗaya. Kan yana fitowa sosai, ya fi daɗewa a waje, shi ne kuma yake ba da kyakkyawan hoton nan na "kafin aiki da bayan aiki" da kike gani a waya. Sai dai ranar da kika haihu, nono zai kawo ruwa ya cika ya yi tauri, amma babu ta inda ruwan zai fita. Ba a dogara da cewa hanyar da aka yanke za ta sake haɗewa. Mai mataki na uku galibi wannan na biyun ne kaɗai yake yi mata aiki.

Banda haka akwai abin da kowace tiyata ta gada: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, tabo. Akwai kuma na wannan wurin musamman. Jin taɓi a kan nonon yana iya raguwa, wani lokaci ya dawo, wani lokaci bai dawo duka ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga amarya. Idan hujin kunne ko wani rauni ya taɓa bar miki tabo mai kumburi da ke ci gaba da girma, dole likita ya sani tun kafin ya taɓa ki, domin irin wannan tabon ya fi yawa a jikinmu mu baƙar fata. Mai shan sigari ko shisha, da mai ciwon sukari, rauninsu ya fi jinkirin warkewa.

Ra'ayina, ba tare da kwana-kwana ba: kada ki yi tiyatar nan kafin biki. In Allah Ya kawo rabo da wuri, baɗi war haka kina dab da haihuwa, kuma ki tambayi duk wata uwa abin da gwangwanin madarar jarirai yake ci a wata. Ciki da shayarwa su kansu suna sassauta naman, mata da yawa masu mataki na ɗaya da na biyu sai dai su ga kan ya fito ya zauna bayan yaye. In kin gama haihuwa abin yana nan yana damunki, tiyata ba ta gudu ba. Inda zan sassauta shi ne idan naki mataki na uku ne kuma yana yawan kumbura yana mugunya. Nan maganar ta tashi daga kwalliya ta koma jinya, sai ki ga likita ku auna tare.

In kina son gwada wani abu kafin biki, akwai wata 'yar na'ura mai suna Niplette, ɗan kofin roba ne da ake zuƙe iskarsa da sirinji ya riƙe kan a waje. Ana sa ta awoyi da dama kullum, wata ɗaya zuwa uku. Takan taimaki masu mataki na ɗaya da na biyu. In an ja da ƙarfi tana tsaga fata, saboda haka ki bari ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki.

Idan kuma duk da haka kin yanke shawarar yi, ki bar asibitin da ba ki san shi ba sai a waya. A Kano akwai likitocin tiyatar gyaran jiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Duk inda kika je, ki tabbata likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma wannan fannin ya karanta. Ki tambaye shi baki da baki: za ka yanke hanyoyin nono ko za ka bar su? In ya koma ciki, wa zai biya kuɗin sakewa? Likitan da ya ji haushin tambayar nan, ɗauki jakarki. Inshorar lafiya ba ta biyan aikin kwalliya, daga aljihu ne.

Maganar miji kuwa, wasiƙun da nake samu daga matan da ke tsoro sun ninka na mazan da ke ƙorafi nesa ba kusa ba. In ya tambaya, ki ce haka Allah Ya halicce ki, kin kuma tambayi ma'aikatan lafiya sun ce ba ciwo ba ne. Amma ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki tun yanzu. Abin yana bin dangi a wasu gidajen, kada ki yi mamaki in ta yi dariya ta ce ita ma haka ta yi nata ƙuruciyar.

TAMBAYA: Sista, cikina wata bakwai, na fari. A wajen awo aka ce kan nonona a shafe yake, ɗaya ma a ciki. Surukata ta ce in riƙa jan sa safe da yamma da man kaɗe, in ba haka ba yaro ba zai kama ba. Ko a yi min aiki kafin in haihu? (Daga Gusau)

AMSA: Ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Ba a yin wannan aikin da ciki, ba a kuma yin sa ana shayarwa. Jan da surukarki ta ce, mu ma a asibiti an daɗe ana koyar da irinsa, har da wani kofin roba da ake sawa cikin rigar nono. Da aka gwada su a Ingila a 1992, aka sake babban gwaji a Ingila da Kanada a 1994, sai aka ga waɗanda suka yi ba su fi waɗanda ba su yi ba samun nasarar shayarwa. Kuma yawan murza kan nono yana sa mahaifa ta riƙa murɗawa, abin da ba ma so ga mai wata bakwai. Ki gaya mata cikin ladabi cewa asibiti sun ce a bari sai an haihu.

Abin da zai cece ki shi ne sanin cewa jariri ba kan nono yake tsotsa ba, nonon yake kamawa. Yana buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke zagaye, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, shi da kansa yake jawo kan zuwa cikin bakinsa. Saboda haka ki nemi a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata, cikin awa ɗaya da haihuwa. Kwana biyun farko nono yana da taushi, lokacin koyo ke nan. In aka tsaya wai sai an zubar da dakashi, ko sai an yi wankan nono, ruwa zai zo a kwana na uku ko na huɗu, nono ya cika ya yi tauri, ɗan kan da ya rage ya ƙara nutsewa, yaro na kuka uwa na kuka. Dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kada a zubar.

Ga dabarar da muke koya wa masu jego a ɗakin haihuwa. A samo sabon sirinji mai cin mil 10 ko 20, ba allura. A sa reza a yanke bakin da ake maƙala allurar. A zare sandar turawa, a mayar da ita ta wajen da aka yanke, yadda santsin bakin ne zai zauna a kan fata. Ki kifa shi a kan nonon, ke da kanki ki ja sandar a hankali har ki ga kan ya leƙo cikin sirinjin, ki riƙe rabin minti zuwa minti ɗaya. In kin ji zafi ki sassauta. Kafin ki cire, ki ɗan tura sandar iskar ta saki, kada ki fizge. Nan take ki sa yaro. Ba kowa dabarar take yi wa aiki ba, kuma ba ta kai iya ɗora yaro daidai muhimmanci ba. In nono ya yi tauri ki ɗan tatse kaɗan da hannu wurin ya yi laushi tukuna. In ya ƙi kamawa a kwanakin farko, ki tatsa a ba shi da ɗan kofi ko cokali mai tsabta. Ki guji fida, domin yaron da ya saba da doguwar roba da wuya ya dawo ya yi haƙuri da naki.

TAMBAYA: Anti, mahaifiyarmu ce, shekararta 52, ta shayar da mu bakwai lafiya. Wata uku ke nan kan nononta na hagu ya shige ciki. Ba ya mata ciwo. Mun yi shawarar mu haɗa kuɗi a yi mata irin tiyatar gyaran nan. Ita kuma ta ce ba a taɓa nono da ƙarfe. (Daga Bauci)

AMSA: 'Yata, wannan wasiƙar ita ta sa na yi saurin fitar da filin wannan watan. Maganar Umma ba maganar kwalliya ba ce, kuma kada wani ya karɓi kuɗinku ya fito da kan ba tare da an binciki abin da ya ja shi ba. Kan da aka haifi mutum da shi a ciki daban, wanda ya shekara hamsin a waje sannan ya shige, ɓangare ɗaya, daban. Wani abu ne a ciki yake jan sa. Ku kai ta asibiti cikin makon nan, wajen likitan tiyata, ba kemis ba.

Ba na ce ciwon daji ne ba. Hanyoyin nono sukan buɗe su taƙure a wajen matan da suka kai shekarun ɗaukewar al'ada, hakan yana jawo kan ciki, kuma ba daji ba ne. Tsohon maruru da ya warke ya bar tabo a ciki yana yi, tarin fuka ma yana kama nono. Amma sankarar nono tana cikin jerin, kuma ita ce kansar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna sabbin kamuwa sama da 32,000 a shekarar. Mafi yawan matanmu sai abu ya yi nisa suke zuwa, kuma dalilin da suke bayarwa shi ne irin wanda kika rubuta: ai ba ya ciwo. A farkonta ba ta cika ciwo ba.

Ki duba ko akwai ƙullutu a nonon ko a hammata, ko jini ko ruwa na fita ta kan, ko fatar ta yi kauri ta lotsa, ko kan yana saɓa yana ƙaiƙayi ya ƙi warkewa. Ko ba ko ɗaya, ku je. Likita zai duba da hannu, a yi hoton nono da ake kira mamogiram, a yi sikanin, in an ga wani abu a ɗebo ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Nan ne za ku sha fama da Umma, domin maganar "daji ba ya son ƙarfe" ta zauna a zukatan iyayenmu. Allurar gwaji ba ta yaɗa ciwon. Abin da ya sa ake ganin kamar taɓawar ce ta kashe mutum shi ne sai ciwon ya gama bin jiki ake kawo shi asibiti. Ki nemi wanda take jin maganarsa, ƙaninta ne ko babban ɗanta, ya raka ku.

TAMBAYA: Hajiya, maiɗakina tana da wannan matsalar tun asali, da ƙyar ta shayar da yaranmu huɗu. Yanzu shekararta 41, tana son a yi mata aikin. Ni dai tsorona kada ya zama canja halittar Allah. (Daga Maraɗi)

AMSA: Malam, fatawa ta malamai ce, ni allura na iya. Amma ga abin da za ka kai musu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke gyara naƙasar da aka haifi mutum da ita ko ta maido da aikin wata gaɓa, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son zuciya. Ta sa sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwa, ƙwararre ne zai yi, mai jikin ta yarda bayan an yi mata cikakken bayani, a kuma kiyaye hukuncin al'aura. Ka je da bayanin halin da take ciki dalla-dalla, ka faɗi ko wurin yana kumbura yana damunta, malami ya duba.

Ta fuskar lafiya, ku fara daidaita magana a kan ko kun gama haihuwa, domin a 41 rabo bai yanke ba. A shekarunta kuma ya kamata a yi mata hoton nono kafin a taɓa wurin. Mata likitocin wannan fannin ba su da yawa. In namiji ne zai yi, haƙƙinta ne nas mace ta tsaya tare da ita tun daga dubawa har a gama.

TAMBAYA: Anti, an yi min aikin bara, wata biyar ya koma ciki kamar ba a yi ba. Cutata aka yi? (Daga Kaduna)

AMSA: Ba lallai ba ne, ƙanwata. Komawa ciki ita ce matsalar da aka fi gani bayan wannan aikin, musamman in an bar hanyoyin nonon ba a yanke ba, ko ɗinkin ƙasa ya saki. Ki koma wajen wanda ya yi miki, ki karɓi takardar bayanin aikin a rubuce, a ciki za a ga ko an yanke hanyoyin ko an bari. Ba a sake buɗe wurin sai tabon ya yi laushi, wata shida ko fiye, kuma aiki na biyu ya fi na farko haɗarin taɓa jinin da ke ciyar da kan nonon, saboda haka ki kai takardar wajen likitan gyaran jiki a asibitin koyarwa ya gani kafin ki amince da wani sabon yanka.